Na-Sama Bai Iya Sauka Ba

Tun ranar da Hajiya Turai ta ja mayafi ta rufe kanta don mijinta ya shigo falo, Saja Mijinyawa bai ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, 'ya'ya bakwai, jikoki kuwa sai an zauna an yi lissafi. Amma ranar nan ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen autarsu ta ce, "Ramlatu, wannan bawan Allah fa? A kai masa ruwa zaure mana, ya za a bar baƙo ya shigo mana har ciki?"

Babu zaure a unguwar Al Qusais ta Dubai. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na huɗu, inda Ramlat take zaune da mijinta Nasrullahi, ita tana aikin ba da magani a wani asibiti, shi yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a sito yana loda musu a kwantena. Su ne suka ɗauko tsofaffin daga gida a shekarar 2018, da ciwon mantuwar Hajiya ya fi ƙarfin likitocin can. Likitan Dubai ya duba, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce magani yana rage wa ciwon gudu ne kawai, abin da ya tafi kuwa ba ya dawo da shi.

Abin haushin shi ne ciwon yana da son kai. Ya bar mata Ramlat. Ya bar mata yadda ake kwaɓa ɗanwake, da sunan duk wata mata da ta taɓa aron turminta ba ta dawo da shi da wuri ba. Har sanin tana da miji ya bar mata. Mijin ne kawai ya ɗauke. In Ramlat ta nuna shi ta ce, "Umma, ga Baba nan fa," sai Hajiya ta yi dariyar da ake yi wa yaro in ya faɗi shirme.

"Wannan da ya shigo ta ƙofa? Mai gidana ba ta ƙofa yake zuwa ba. Daga sama yake saukowa."

Kuma da gaskiyarta. A farkon shekarun saba'in, lokacin Mijinyawa yana ɗan kofur mai dogon wuya, yana cikin 'yan tsirarun sojojin da aka ware aka koya musu faɗowa daga jirgin sama da laima. Laimar wancan zamani zagayayya ce kamar an kife ƙwarya, ba ta da linzami, ba ta jin magana. Igiyarta a jikin wata waya ake maƙala ta cikin jirgi, kana faɗawa ta fizge ta buɗe, daga nan kuma ya rage tsakaninka da iska da addu'ar mahaifiyarka. A wata sauka da suka yi, iska ta raba shi da 'yan'uwansa, ta wuce da shi filin da aka shata, ta wuce gonaki, ta tsallake katangar wani gida a wani ƙauye wajen Hunkuyi, ta dire shi a kan shanyar barkono. Budurwar da aka sa gadin shanyar saboda kaji ita ce Turai. Ya dawo ban haƙuri, ya sake dawowa, ya kuma dawowa, har mahaifinta ya gane ba haƙurin barkono ake nema ba.

Labarin ranar nan kashi biyu ne, kuma babu wani suna ko biki da aka yi a danginsu ba a yi musu a kansa ba. Shi ya ce tun daga sama ya hango ta, ya ja igiyar hagu, ya sauka cak a kan ƙafa biyu, ya ƙame ya yi sallama. Ita ta ce buhu aka jefo, ya birgima cikin barkono, laimar ta lulluɓe shi da akuya guda, yana atishawa yana kiran innarsa. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda matan zamaninta ba sa yi. Na-Sama take ce masa, in ana daɗi da in ana faɗa. Yanzu kuwa ya koma bawan Allah, kuma kalmar nan tana yi masa ciwo fiye da gwiwarsa ta dama.

Wata Juma'a da yamma Nasrullahi ya ɗebe su a mota shan iska wajen bakin teku. Suna cikin tafiya sai ga wasu ɗige-ɗige masu launi suna lilo a sararin sama, a kan tsibirin nan da aka gina da siffar bishiyar dabino. Hajiya ta manna fuska a gilashi. Fuskar ta washe irin washewar da Mijinyawa ya manta rabonsa da gani.

"Ga su can," ta ce a hankali. "Ko yana cikinsu?"

Mijinyawa ya bari sai da suka koma gida. Ya ja surukinsa baranda ya ce masa shi ma zai hau jirgi ya faɗo da laima kamar waɗancan.

"Baba, wallahi wannan wasan 'yan yawon buɗe ido ne," in ji Nasrullahi. "Shwaiya-shwaiya dai, a bi a hankali, mu bi maganar likita."

"Likitan ya taɓa faɗowa daga jirgi?"

"A'a, Baba."

"To, a wannan fannin ni ne likita."

Ramlat ta yi kuka, ta kira yayyenta a waya, yayyen suka yi ta ihu daga Kano da Kaduna, tsoho ya yi biris da kowa. Da aka ce mai shekarunsa sai likita ya amince, ya je ya tsare likitan da ido irin na saja har ya gwada zuciyarsa ya ce, abin mamaki, ta fi ta Nasrullahi lafiya.

Ranar da suka je filin saukar, aka haɗa shi da wanda zai sauko da shi, wani dogon Bature mai gashi ɗaure a ƙeya kamar na amarya. Mijinyawa ya tare shi da Turancin bariki, ya shiga ba shi tarihin sana'ar tun daga tushe. Ya ce malaminsu ya gaya musu wani Bafaranshe ne ya fara, daga cikin kwandon balan-balan, kuma laimarsa ba ta da huda a tsakiya, don haka ta dinga jijjiga shi hagu da dama har hanjinsa ya juya. Ya ba shi labarin Maharazu, wanda ya maƙale a kan rimi mutanen ƙauye suka ɗauka aljani ne, suka yanka masa baƙar kaza suka ajiye a gindin bishiyar suka gudu, shi kuma yana sama yana roƙon tsani. Ya ba shi na Ado, wanda tun daga ƙofar jirgi har ƙasa yake rangaɗa sallama, wai kada ya bangaje wani mala'ika bai nemi izini ba. Baturen yana ta dariya yana cewa a maimaita ya ɗauka a waya. Mijinyawa bai maimaita ba. Yana cikin lissafo su ne ya lura duk sun riga mu gidan gaskiya. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya taɓa ganinsa a ƙarƙashin laima, ga ta can zaune a inuwa tana tambayar Ramlat ko an ba wa kaji ruwa.

Sai aka zo maganar ɗauri. Ashe ba shi kaɗai zai faɗo ba, a ƙirjin Baturen za a ɗaure shi, kamar yadda matansu suke rataye jarirai.

"Ni za a goya?" ya tambayi Nasrullahi. "Ni da na faɗo tun uban wannan yana rarrafe?"

"Doka ce, Baba. Ko haka ko khalas, mu koma gida."

Ya haɗiye. Aka kuma ce in an zo sauka ya ɗaga ƙafafunsa sama ya bar wa Baturen komai. Su da aka koya musu haɗe ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, a faɗi ta gefe a birgima! Ya haɗiye wannan ma. Ya cire haƙoransa na roba ya naɗe a hankici ya damƙa wa Ramlat.

A cikin jirgi tsoro ya zo masa, irin na da sak, mai farawa daga mara. Har daɗin ganinsa ya ji, kamar ya haɗu da tsohon abokin bariki. Aka buɗe ƙofa, Baturen ya yi ihun "Yalla, mu je!", sai ga su a waje. Wannan ɓangaren Mijinyawa bai san shi ba sam. A zamaninsu kana fita laima take cafe ka, a nan kuwa faɗuwa ake yi tsurarta, iska tana kaɗa masa kumatun da ba haƙora kamar tsumma a kan igiya. Ya yi niyyar kalmar shahada, iska ta mayar masa da ita ciki. Can sai laimar ta buɗe, mai kusurwa huɗu kamar katifa, ga linzami hagu da dama, tana bin umarni kamar dokin sarki. Ya ga teku, ya ga dogayen benaye sun zama kamar an jera kwalaben turare. Ya nemi mayafin Hajiya ruwan goro a cikin 'yan kallo, ya kuwa same shi.

Suka sauka a kan ciyawa kamar an ajiye ƙwai. Ko tangaɗi bai yi ba. Aka kwance shi, ya miƙe cak a kan ƙafa biyu, Turawa da Indiyawa suna tafi. Saukar da ya yi shekara arba'in yana ba da labarinta ce, yau ga ta ta faru a gaban shaidu. Ya taka har bakin shingen 'yan kallo, ya ƙame a gaban matarsa, ya yi sallama.

Hajiya Turai ta amsa, ta ja mayafi ta gyara.

"Sannu, bawan Allah. Kai kam ka iya, tubarkalla." Ta juya wajen Ramlat ta rage murya, irin ragewar da kowa yake ji. "Ba shi ba ne. Namu bai iya sauka ba. Kuma namu ba a goyonsa."

Ramlat ta miƙa masa haƙoransa ba ta iya kallon idonsa ba. Ya mayar da su, amma har suka isa gida bai yi amfani da su ba, ko don magana ko don abinci. Baƙin ciki ne ya cika shi, tsantsarsa, har da ɗan haushi. Ya yi tsufa yana kare mutuncin saukarsa, ashe matar nan ba gwanin ta aura ba, buhun ta aura, kuma buhun take jira.

Ya kwana biyu yana zaune a baranda yana kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Rannan da safe Nasrullahi yana ɗaura agogo zai fita, tsohon ya tare shi a ƙofa.

"A garin nan ina ake sayar da busasshen barkono? Buhu nake so, ba ƙulli ba."

Barkono dai a kasuwar kayan yaji ta Deira aka samo shi, wajen wani Ba'indiye da ya yi ta tambaya ko gidan abinci za su buɗe. Laima kuwa unguwar teloli ta Satwa aka je. Mijinyawa ya shimfiɗa wa wani tela ɗan Pakistan fararen zannuwan gado, ya zana masa da'ira da yatsa, ya ce a bar huda a tsakiya. Telan ya ɗauko tef zai auna masa wuya, a zatonsa riga ce. Da aka yi masa bayani ya ajiye tef ɗin, ya dubi Nasrullahi da tausayi, ya ɗinka bai ƙara tambaya ba. Igiyoyin shanya aka ɗaura mata. Akuya ce kawai Nasrullahi ya tubure a kanta.

"Baba, komai na yarda, amma ban da akuya. In 'yan baladiya, ma'aikatan hukumar gari, suka ga dabba a sito, wallahi rufe mana za su yi."

"A labarin akwai akuya."

"A naka labarin ko a na Umma?" Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa ya yi saurin gyarawa. "Tambaya kawai na yi, Baba."

Tsohon ya harare shi. "A nawa babu. Shi ya sa ake bukatarta." Amma ya haƙura.

Siton Nasrullahi ƙaton rumbu ne na kwano, cike da tayoyi da kwalayen turare da injinan ɗinki masu jiran jirgin ruwa. A ciki akwai katifun wani ɗan kasuwa, sababbi a ledarsu. Aka jera su a tsakiya, aka ɗora wasu a kan wasu, aka shimfiɗa tabarmi, aka baza barkono ja wur. Mai tuƙa motar ɗaga kaya, Musbahu, wani magidanci ɗan Maraɗi mai furfura a gemu, ya zagaya shimfiɗar ya girgiza kai.

"Bon, Baba, ni firji nake ɗagawa da janareto. Ban taɓa ɗaga soja ba."

"Firji yana gaya maka inda za ka tsaya?"

"A'a."

"To ni zan gaya maka. Ka ga aikinka ya yi sauƙi."

Labari ya riga ya zaga unguwar Al Rigga, masaukin 'yan kasuwar Kano. 'Yan kasuwar da suka zo duba kayansu suka ƙi tafiya, wasu ma ba su da kaya a siton suka zo, kowa da waya a hannu. Ramlat ta kawo mahaifiyarta, idonta ya kumbura, tana cewa ita dai in wani abu ya karye ba da yawunta ba. Aka ajiye wa Hajiya kujerar roba a gefen shanya. Mijinyawa ya sa aka ba ta sanda, aka ce mata kaji. Babu kaza ko ɗaya a duk unguwar, amma ta karɓi sandar da gaske, ta gyara zama, tana kallon barkonon tana cewa ranar yau mai kyau ce, zai bushe.

Musbahu ya zura ƙahonin motarsa a ƙarƙashin katakon da tsohon yake tsaye a kai, ya fara ɗagawa. Mijinyawa yana rungume da zannuwansa, igiyoyi ɗaure a hammata, yana cewa ƙara, ƙara. Da ya kai tsayin soron ɗaki Ramlat ta ƙwalla ƙara, Musbahu ya taka birki. Daga can sama tsohon ya leƙo. Ikon Allah, ƙasar ta fi yi masa nisa a nan fiye da a jirgi, don a nan babu Bature a bayansa. Ya haɗe ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa, ya watsa zannuwan sama, ya bi su.

Laimar Satwa ba ta ko yi yunƙurin buɗewa ba. Ya faɗo tim a gefen katifa, ba tsakiya ba, katifar ta cilla shi, ya birgima cikin barkono, ya gangaro ƙasa da rabin tabarma. Sai a lokacin zanin ya baje ya sauko a hankali ya lulluɓe shi. Ƙurar barkono ta tashi ta cika sito. Manyan alhazai suka watse suna atishawa, wayoyi suna zubewa, Musbahu yana tari yana salati da Faransanci a haɗe. Daga ƙarƙashin zani kuwa, tsakanin atishawa da atishawa, kowa ya ji muryar Saja Mijinyawa, dattijo mai jikoki, tana cewa, "Wayyo Inna! Inna!"

Sanda ce ta sauka a kan zanin, fau, daidai gadon bayansa.

"Wane ɗan banza ne wannan? Barkonon mutane! Wuni guda ina gadinsa!"

Ta ƙara masa ɗaya. Sannan ta sa bakin sandar ta ɗaga zanin. Ga shi nan zaune dirshan, hula ta yi nata wuri, barkono a gemu, ido ja, hanci yana zuba. Hajiya Turai ta tsaya tana kallonsa. Mayafinta ya zame ya sauka a kafaɗa, furfurarta a waje a gaban maza, ba ta kai hannu ta ja shi ba.

"Na-Sama," ta ce. "Kai ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Har yau ba ka iya sauka ba?"

"Tun daga sama na hango ki," ya ce. "Na ja igiyar hagu."

"Ƙarya kake yi. Innarka kake kira, kowa ya ji."

Duk siton hawaye ake yi, kuma kowa yana da barkono da zai ɗora wa laifi. Ta durƙusa da ƙyar, ta kama bakin mayafinta tana share masa ido tana faɗa. Ina ya shiga tun tuni? Ya bar ta a gidan mutane, wani tsoho sai shigo musu yake yi ba kunya. Ya rame, wa yake ba shi abinci? Shi dai yana zaune yana cewa to, to, kamar wanda ake karanta wa albishir. Gwiwarsa ta dama tana zugi kamar ana hura mata wuta, bai ko waiwaye ta ba. Da aka tashe shi, ita ta riƙe masa hannu har mota, ta kuma ce shi zai zauna kusa da ita a baya.

Tafiyar ba ta da nisa. Ta yi masa ƙorafin turminta, ta tambaye shi Maharazu, ya ce yana nan lafiya. Suka tsaya a wata danja mai daɗewa. Tana kallon motoci ta taga, sai ya ji hannunta ya saki nasa a hankali. Ta waiwayo ta dube shi, ta matsa jikin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Ramlatu, wannan bawan Allah barkono yake sayarwa? Duk ya cika mana mota da yaji."

Ramlat ta toshe baki da hannu. Nasrullahi ya ƙura wa danjar ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Mijinyawa ya ciro wani ɗan barkono da ya maƙale masa a aljihu, ya jujjuya shi, ya shafa gwiwarsa. Sannan ya matso ya dafa kujerar surukinsa.

"Mai katifun nan yaushe zai kwashi kayansa?"

"Kwantenarsa ba ta cika ba tukuna, Baba. Da saura."

"To ka kira Musbahu, kada ya share barkonon. Gobe da safe za mu koma, kafin rana ta yi zafi."